Tagar Mai Keke da Tawa

Ranar da motar kaya ta tsaya a bakin layinmu, ni har na cire labulen ɗakina na ninke, na janye gado daga jikin bango, na kwashe kwanukan da ke ƙarƙashin taga. Sati guda kafin nan na ga Dogo, babban ɗana, a cikin ɗan lungun da ke tsakanin gidana da na maƙwabciyata, shi da wani mutum mai tef a hannu, suna aune-aune suna magana ƙasa-ƙasa. Ban tambaya ba. Na ce a raina yaron nan so yake ya ba ni mamaki, bari in bar shi da abinsa, in ya kawo in yi kamar ban sani ba.

Sai ga mutum biyu sun sauko da abu a naɗe cikin kwali, gilashi na leƙowa ta gefe. Na gyara ɗaurin kallabina, na tsaya a bakin ƙofa, har na ƙara wangale ta don kada su bugi kayan. Suka zo daidai inda nake, suka ce, "Sannu Iya," suka wuce. Ƙofar Mai Keke suka shiga.

Na daɗe a tsaye a wurin. Matar ɗan hayana ta fito da bokiti ta ce, "Iya, baƙi kike jira?"

Na ce, "Iska nake sha. An hana ne?"

Mai Keke dai shekara arba'in da 'yan kai muna maƙwabtaka. Ɗinki take yi tun muna da haƙora, shi ya sa sunan ya bi ta. Autarta ce matar Dogo. Ni da ita duk mazanmu sun rasu, duk mun ba da ɗakunan gaba haya, kowacce ta koma ɗaki ɗaya a baya, kuma tagar ɗakina tana kallon tagar nata. Lungun da ya raba mu ko hannu biyu ba ka iya miƙewa a ciki, ba mai bi sai ruwan sama da kyanwa. Ta nan muke miƙa wa juna gishiri, ashana, allura, da labarin mutanen layi.

Ni mutum ce da ba na kwana da bashi, kuma ba na mance wanda aka ci mini. Ba maganar kuɗi nake ba. Kwano in ya shigo ɗakina da abu, ba ya komawa wayam. Wanda ya duba ni da ciwo sau biyu, in ya kwanta sau biyu zan je, na ukun sai ya sake zuwa. To ita Mai Keke, ranar da za ta haifi wannan Autar, ni na riƙe ta a motar haya har asibiti, ta gantsara mini cizo a hannu, ga tabon nan har yau. Da mijinta ya rasu, ni na tsaya a kan murhu kwana da kwanaki ina ciyar da baƙinta. Ita ma ta ɗinka wa yarana kayan makaranta shekara biyu, ban musa ba, amma na yi mata rainon 'ya'ya shekara uku, an tashi har da ragi a wajena. A kan wannan duka na ɗauki ɗa sukutum, mai aiki, mai mota, na ba 'yarta. In dai ana awo da gaskiya, ni nake binta.

Wuni guda suna buge-buge a ɗakinta, ƙura na shigo mini. Da la'asar sai na ji muryarta.

"Innar Dogo! Kina ciki?"

"Ina zan je?"

"Matso ki ga abu."

Na matsa. Ta kama wani ɗan hannu a ƙasan tagar, kamar na jikin kekenta, ta murɗa shi da yatsu biyu. Sai gilashin ya taho a hankali, ba ƙara, ba kuka, ya ratsa lungun ya zo ya tsaya a gaban hancina, saura yatsa huɗu ya taɓa bangona. Na ga fuskata a cikinsa. Fuskar ba ta yi mini kyau ba ranar.

"Kin gani? Inda ka bar shi nan zai tsaya, ko iska ba ta kaɗa shi. Ragar sauron ma ta ciki take, ba sai ka cire komai ba." Ta murɗa baya ya koma, ta sake murɗawa ya dawo. Sau uku ta yi mini haka.

Na ce, "Allah ya sanya albarka. Wa ya yi miki?"

"Wa kuwa? Ɗana mana."

"Wane ɗan naki? Ni dai mata huɗu na san na yi wa wanka a ɗakin nan."

"Wanda kika haifa mini," ta ce, ta kama dariya har tari ya sarƙe ta.

Na mai da kwanukana ƙarƙashin taga ɗaya bayan ɗaya. Gadon ne ya gagare ni turawa, na bar shi a tsakiyar ɗaki.

Ran Asabar Dogo ya zo. Kullum ɗakina yake fara shiga, amma ranar sai da ya fara leƙa can, wai zai duba ko aikin ya yi kyau. Ina jin su ta lungu, tana murɗa masa yana cewa madalla. Da ya shigo wajena ya gaishe ni, sai ya ce, "Inna, lafiya na ga gado a tsakiyar ɗaki?"

"Shara na yi."

Ya tura gadon da gwiwa ya mai da shi. Ya zauna. Na zuba masa ruwa, ban zuba masa komai bayan ruwan ba. Shi ma ya san ni.

"Inna, likita ne ya ce ƙirjin Mama na son iska. Tsohuwar tagarta ta kumbura ta maƙale, kafaɗarta kuma ba ta iya turawa. Wata biyu tana kwana a rufe."

Ku ji fa. Ita Mama, ni Inna.

Na ce, "Ni kafaɗata ta ƙarfe ce."

"Ke da bakinki kika ce kada wanda ya taɓa tagar Baba. Shekara uku ke nan, na zo da maganar kika kore ni."

Gaskiya ya faɗa. Mahaifinsu kafinta ne, shi ya yi tagar da hannunsa shekarar da Dogo ke rarrafe. Marfi biyu na katako, suna buɗewa ciki, da 'yar sakata a tsakiya. Shekara arba'in ko sau ɗaya ba ta maƙale ba.

"Da na kore ka, ka sake dawowa da maganar? Sau ɗaya ka tambaya, na ce a'a, ka yi hamdala ka tsallaka lungu."

"To yanzu me kike so?"

"Ni ba na son komai. Wa na haifa da zan so wani abu?"

"Inna."

"Irin nata," na ce. "Wanda ya fi nata."

Ya yi dariya yana girgiza kai. Ya ce aiki zai kai shi wani gari sati uku, amma zai turo mini mai tagogin, in faɗa masa duk yadda nake so.

Kafin mutumin ya zo na yi nawa awon. Duk safiya gilashin Mai Keke na zuwa ya tsaya a gaban hancina, to na jira ta shiga wanka, na miƙa hannu da zare na auna faɗinsa, na ƙulla. Na ƙara taƙi ɗaya a kai na sake ƙullawa. Ni ban san lambar jikin tef ba, amma zare bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Mai tagogi ya zo ran Juma'a, wani siriri mai fensir a bayan kunne. Ya auna ciki, ya fita ya shiga lungun a kaikaice, ya auna, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Iya, ɗakin nan ba zai ɗauki mai murɗawa ba."

"Ɗakin nata ya ɗauka."

"Nata ya ɗauka ne don taki ciki take buɗewa. Mai murɗawa waje yake fita. Lungun nan marfi ɗaya zai ci. In nata ya fito, bakinsa a gaban gilashinki zai tsaya. In naki ya fito, a gaban nata zai tsaya. Duk wadda ta riga buɗewa ta kulle 'yar'uwarta."

"To?"

"In sa miki mai zamewa gefe. Yana da kyau wallahi, gilashi ɗaya ne da nata, ba ya fita ko'ina."

"Yana da hannun murɗawa?"

"Ba shi da shi."

"Me ta ba ka ka zo ka faɗa mini wannan?"

Ya buɗe baki. "Iya, shayi kawai na sha a ɗakinta."

"Ni ma zan ba ka, har da madara. Ungo." Na miƙa masa zaren. "Ƙulli na biyu za ka bi."

Ya ɗora zaren a kan tef ɗinsa, ya dube ni. "Wannan ai sai an fasa bango."

"Bangon naka ne?"

Ya fita ƙofar gida ya kira Dogo a waya, ina jinsa yana ta bayani, lungu kaza, faɗi kaza. Dogo yana cikin hayaniyar aiki, abin da na ji ya fito daga wayar shi ne, "Malam, yi mata abin da take so kawai, kada ka ja da ita." Na ce a raina yau ka yi maganar ɗan halak.

Kwana shida suka dawo da magini. Da suka zo cire tagar mahaifin su Dogo, ƙusoshin suka ƙi fita. Mai tagogi ya yi ta fama yana gumi, ya ce, "Kai, wanda ya yi wannan ya san aiki." Na tashi na shiga kicin, na daɗe ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Da na fito sun jingine marafan a soro, bango ya zama rami, ina ganin Mai Keke zaune a kan kekenta ta saki baki.

"Innar Dogo, shago za ki buɗe?"

"Fadar sarauniya zan buɗe. Ci gaba da ɗinkinki."

Da suka gama, tagar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Duk layin babu mai girmanta. Mai tagogi ya nuna mini yadda ake murɗawa, ya nuna mini yadda hannun ke zarewa in za a goge wurin, ya ce a bar siminti ya kwana kafin a taɓa. Yana tattara kayansa yana cewa, "Ni dai na faɗa."

Da safe na yi wanka, na sa zani mai kyau, na kama hannun da yatsu biyu yadda na ga tana yi. Murɗa ɗaya, biyu, sai ƙwas. Gilashina ya daki bakin nata. Ya buɗe dai, amma ko kyanwa ba za ta shiga ta wurin ba.

"A hankali mana, za ki fasa mini!"

"Ɗan rufe naki in gwada nawa."

"Ki gwada na tsawon me?"

"In gani kawai."

"Na san ganinki. Kin ari turmina ki gani, ya shekara a ɗakinki."

"Ni na ɗaure masa tsagewar da ya yi, kin mance?"

"Ƙirjina ba ya son rufi, Innar Dogo. Likita ya faɗa."

Kwana uku ina zaune da tagar da ta fi ta kowa girma, a rufe. Matar ɗan hayana kullum sai ta leƙo ta ce, "Iya, yaushe za a murɗa mana mu gani?" Ita kuwa waccan, da ta ji na motsa sai ta kama waƙa a kan kekenta, iska na kaɗa mata gefen kallabi.

Rana ta huɗu da hantsi hadari ya haɗu, ruwa ya sauko da iska. Na ji ƙiiii, ta murɗa nata ya koma. Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na kama hannun da hannu biyu na yi ta murɗawa, ruwa na feso mini ta raga yana jiƙa katifa, ban daina ba sai da bakin marfina ya je ya tsaya a tsakiyar gilashinta kamar an auna. Sai na zare hannun, na ƙulle shi a gefen zanina.

Da ruwa ya ɗauke na ji ta murɗa. Ƙwas. Ta sake. Ƙwas. Ta ƙwanƙwasa gilashi da almakashi.

"Innar Dogo! An ɗauke ruwa!"

"Na gani, Alhamdu lillahi."

"Rufe naki mana!"

Na nuna kunnena. "Ba na ji, gilashinki na da kauri."

Kwana tara tagata a buɗe, safe da yamma. A rana ta uku Auta ta zo, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta kawo mini lemo a leda. Yarinyar tana da ladabi, wannan ba zan ci haƙƙinta ba.

"Inna, don Allah ko na rabin wuni ne. Fanka zafi kawai take juya wa Mama."

"'Yata, da so samu ne. Hannun ne ya ɓata. Na duba ƙarƙashin gado, na duba ko'ina."

Idonta ya sauka a kan ƙullin zanina ya daɗe a wurin. Sai ta tashi. Na ba ta ƙwai shida ta kai wa yara, don kada lemonta ya zama bashi.

Ina jin tarin Mai Keke ta cikin gilashi. Na ce wa kaina ai tana da ƙofa, ta buɗe ƙofa mana. Na san ƙofar tata soro mai duhu take kallo inda 'yan haya ke hura gawayi, amma na ce wa kaina haka. A rana ta shida keken ya daina ƙara. Iskar da nake sha ma, in gaya muku gaskiya, ba wata iska ba ce, ta lungu ce mai warin gansakuka. Amma tawa ce, kuma ita ba ta samu.

Dogo ya dawo ran Laraba. Can ya fara shiga, ya daɗe, ya daɗe sosai. Da ya shigo wajena ya gaishe ni kamar kullum, ya je ya tsaya a gaban tagar. Ya dubi ɗan ramin da hannun ke shiga, ya sa yatsa ya taɓa. Na gyara zama, na shirya masa amsa kala uku. Bai tambaya ba. Yaron nan tun yana ƙarami bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma ranar ma bai ɗaga ba, na so ma ya ɗaga.

"Inna, ran Asabar zan zo in ɗauki Mama. Za ta koma wajenmu."

"Wajenku ina?"

"Gida. Mun gyara mata ɗakin ƙasa."

Ɗakin ƙasa na san shi. Lokacin da yake ginin, ya kama hannuna ya shigar da ni, ko rufi ba a yi ba, ya ce wannan na Inna ne duk ranar da ta gaji da layi. Na ce masa ni ba na barin gidan ubansa. Na faɗa ne don ya sake roƙo.

"Har zuwa yaushe?"

"Ba a sa rana ba."

Ya ajiye mini ledar tsaraba ya tafi. Ban buɗe ta ba. Na zauna a bakin gado ina kallon tagata a wangale, ina lissafi. Kullum safiya kafin ya fita aiki ita zai fara gaisarwa. In ya dawo ita zai tarar a falo. Jikokina a cinyarta za su yi barci, ita za ta san wanda ya yi haƙori da wanda ya faɗi a makaranta, ni sai dai a ba ni labari ran Asabar, in an samu hali. Taga ɗaya ya yi mata na kasa haɗiyewa, yanzu na ɗauki gidan gaba ɗaya da hannuna na miƙa mata.

Na kwance gefen zanina. Hannun har ya yi mini shaida a ƙugu. Na mai da shi raminsa na murɗa baya, marfin ya taho a hankali ya rufe. Na sake zare shi, na ɗauki mayafi.

Rabon da in shiga ɗakin Mai Keke ta ƙofa har na mance, kullum ta taga muke gamawa. Ina sa ƙafa zafi ya mare ni. Ɗakin kamar an rufe tukunya. Tana zaune a ƙasa kusa da ƙofa tana jera zarurruka a cikin gwangwani, ta rame, numfashinta na fito.

"Na ga hannun," na ce.

"A ina?"

"Inda ya faɗi. Na rufe. Buɗe naki."

Ba ta tashi ba. Ni na je na murɗa mata, iska ta shigo. Ta ja numfashi sau uku tana lumshe ido, sannan ta ci gaba da jera zarenta.

"Ki daina haɗa kayan nan mana," na ce.

"Na riga na ce wa ɗana to."

"Ki ce masa kin fasa."

"Ɗaki mai fanka biyu, da banɗaki a ciki? Don me zan fasa?"

"Wa zai kawo miki ɗinki a can? Unguwar da ko akuya ba ta wucewa."

"Na huta. Ai na yi shekara hamsin ina taka keke."

Na ajiye hannun tagata a kan cinyarta. "Riƙe wannan. Ba zan buɗe ba sai an canja ta."

Ta ɗaga shi tana juyawa. "Wannan jingina ce?"

"Kira shi abin da kika ga dama."

"Bai isa ba."

"To me kike so? Jinina?"

"Ki faɗa da bakinki."

"In faɗi me?"

"Ki ce kina so in zauna."

Na dubi rufin ɗaki. Na ce lungun zai yi shiru in ba kowa. Ta ce ba haka ta ce in ce ba. Na ce 'yan haya za su lalata mata gida. Ta ɗauki wani zaren ta sa a gwangwani.

"Ki zauna," na ce.

"Don me?"

"Don in kika kwana ɗaya a ɗakin nan na ƙasa, ni zan riga ki mutuwa, kuma ba ciwon ƙirji ne zai kashe ni ba."

Ta kama dariya, tari ya zo, na bubbuga mata baya, na ɗan ƙara ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Da ta samu kanta ta share hawaye ta ce, "Shekara arba'in, yau na ji kin faɗi gaskiya ba a matse ki a ƙofa ba." Ta jawo aljihun kekenta ta jefa hannun a ciki ta rufe. "Ni dama ba son zuwa nake ba. Gidan suruki, ko tari sai ka nemi izini. Amma ki sani, yanzu ni nake binki."

Wannan maganar ta fi zafin ɗakin ƙona ni. Na lissafa ta gaba, na lissafa ta baya, na sa cizon hannu, na sa rainon shekara uku, abin bai tashi ba. Kwana tara na rufe ta, ita kuma ta bar mini ɗana. Na fita ban yi mata sallama ba.

Ran Asabar da hantsi Dogo ya zo da mota. Tagarta a buɗe, keke na ta ƙara. Ya shiga, bai daɗe ba ya fito. Ya shigo wajena ya tarar da ni a bakin gado da mafici, zufa na bin wuyana. Ya zauna a kujera. Kafin mu gama gaisawa rigarsa ta manne masa a baya.

"Mama ta ce ta fasa."

"Ah! To, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Ya dubi tagar. "Kwana nawa a rufe?"

"Uku."

"Ina hannun?"

"Yana wajen ajiya."

Ya kira mai tagogi, ya sa wayar a fili ina ji. Mutumin ya ce mai zamewa gefe a wannan faɗin ba ya da shi a ƙasa, sai an yanko, sati uku in an yi sauri. Ya ƙara da cewa, "Ni dai na faɗa wa Iya." Na ce a gaya masa na ji, ya faɗa, a ba shi lambar yabo.

Dogo ya kashe wayar yana share goshi da hankici. Ni kuma na rage kaɗa maficin don ya ji zafin da kyau.

"Inna, ba za ki zauna a nan sati uku ba. Ɗakin dai an riga an gyara."

"Ni ba na son takura wa mutane."

"Inna."

"An gyara wa wata, ni kuma in je in cike gurbi?"

"Tun ana ɗora bulo naki ne, kin sani. Ki taso don Allah."

"Sau nawa ka roƙa yanzu?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Biyu."

"To ɗauko akwatin, yana ƙarƙashin gado."

Ya jawo shi ya ji nauyi, ya ɗago ya dube ni. Na ce masa tun jiya na haɗa, ba don na san komai ba, don in an tambaya kada a tsaya jira.

Gaban mota na shiga. Na ce ya ja a hankali, ya tsaya daidai ƙofar Mai Keke. Matar ɗan hayana na tsaye da bokitinta, na ɗaga mata hannu. Mai Keke ta fito da tef ɗin awo a wuya, ta leƙo ta gilashin motar, ta dubi akwatina a baya, ta dube ni.

"Au, haka aka yi?"

"Ɗana ne ya matsa. Na ƙi, na ƙi, ya ƙi bari."

"To madalla. Ki gaishe mini da 'yata. Ki ci abin da ta ba ki, ba ta son a shigar mata kicin. Zanin gadon ma ni na ɗinka, daidai tsawona na yanka, ƙafafunki za su leƙo."

"Zan naɗe su."

Dogo ya kama murfin mota zai buɗe, wai bari ya fita ya yi wa Mama sallama. Na riƙe hannun rigarsa.

"Yi daga nan," na ce. "Tana ji."